Yadda yaro ke koyon Faransanci a lakwal

A unguwar Maourey, cikin birnin Yamai, yara da yawa suna tashi da Zabarmanci ko Hausa a bakinsu. Faransanci sai a lakwal. Idan kuna da ɗa a ajin CI, ya kamata ku san hanyoyin da ake bi wajen koya masa.

A hanya ta farko, malami yana yin Faransanci zalla tun ranar shiga aji. Yaro na fama da abu biyu a lokaci ɗaya: baƙon harshe da haruffa. Sau da yawa yakan haddace, ya maimaita, amma bai san ma'ana ba.

Hanya ta biyu, Nijar ta fara gwada ta a Damagaram a shekarar 1973, da Hausa. Yaro ya fara karatu da harshen da yake ji. Faransanci ya shigo ta kunne: gaisuwa, ƙidaya, sunayen abubuwa. Rubutunsa sai daga baya. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci.

Wannan hanya ta fi sauƙi, domin wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ba zai sake koyon haɗawa ba. Bambanci kawai za a nuna masa. Abin da muke rubutawa "u", Faransanci na rubuta shi "ou". Namu "sh", nasu "ch". Ku dubi sunan Maourey a jikin allo, za ku ga "ou" ɗin.

Da yamma, ku tambayi yaro abin da ya karanta. Ya faɗa muku ma'anarsa da harshen gida.