Dalilin da ya sa ake ɗaukar hotuna da yawa ga mai ciwon dajin ƙoda

Sau da yawa ana gano ƙari a ƙoda ne ba zato, yayin da aka yi wa mutum sikanin ciki saboda wata lalura ta daban. Sai dai wannan hoto na farko ba ya wadatar da likita wajen yanke shawarar magani, domin kowane gwaji da ke biyo baya yana amsa tambaya ce ta daban.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutane sama da 430,000 ne aka gano suna ɗauke da cutar a shekarar 2022.

Hoton CT ne ginshiƙi. Shi ke nuna girman ƙarin da kuma ko ya taɓa sassan da ke maƙwabtaka da ƙodar. Kafin a ɗauka, akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai fito da hoton sarai, shi ya sa ake fara auna ƙarfin aikin ƙodarsa ta gwajin jini.

Ana komawa ga MRI idan jikin majinyaci bai jure wa wannan ruwa, ko kuma ana zargin ƙarin ya kutsa cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Sanin haka na sauya tsarin tiyatar baki ɗaya.

Hoton ƙirji kuwa ana yin sa ne saboda huhu ne wurin da cutar ta fi saurin bazuwa. Hoton ƙashi da na ƙwaƙwalwa ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ke fama da ciwon ƙashi, ko ciwon kai mai naci, ko farfaɗiya. Shi ma hoton PET ba a cika dogara da shi ba, domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da aka fi amfani da shi, lamarin da ke dagula hoton.

Bayan tiyata ma ba a daina ɗaukar hoto, kasancewar cutar na iya dawowa bayan shekaru ba tare da wata alama ba. Haka nan ƙarin da bai wuce santimita 4 ba, musamman ga dattijai, akan bibiye shi da hoto lokaci-lokaci maimakon gaggauta cire shi.

Saboda haka yana da muhimmanci majinyaci ya adana tsofaffin hotunansa da sakamakonsu, domin ta kwatanta sabo da tsoho ne ake gane ko ƙari ya ƙaru.