Manja Ko Man Gyaɗa: Wanne Ya Fi Amfani A Jiki?

Duk mutumin Arewa da ya sauka Ikko ko Badun ko Anaca, abin da ya kan fara yi wa tsegumi shi ne miya. Ya saba da man gyaɗa da ɗan man shanu a kan tuwo, sai ga shi an ajiye masa kwano ja wur da manja. Har yau a Sabo da Agege ana gardama, wasu na cewa manja shi ke kawo ciwon zuciya, wasu na cewa ai magani ne. To, bari mu ga abin da masana suka gano.

Tun a 1823 wani Bafaranshe mai suna Chevreul ya bayyana cewa kitse da mai ginin su iri ɗaya ne. Kowane ƙwayar mai tana da gindi guda, watau gilisarin, da sarƙoƙi uku na kabon a rataye. Bambancin yana wurin sarƙoƙin nan. Wata sarƙar ta ƙoshi da haidurojin, ba ta da gurbin ƙari, saboda haka a miƙe take kamar kara. Irin waɗannan su kan jeru su matse juna, shi ya sa mansu ke daskarewa. Wata kuwa tana da giɓi, a wurin giɓin sai ta lanƙwashe, ba ta jeruwa, man ya zauna ruwa-ruwa.

Mai karatu zai iya gwadawa da idonsa. Kitsen sa da man shanu, ƙosassun sarƙoƙi sun fi yawa a cikinsu, ga su nan a daskare. Man gyaɗa kuwa wajen kashi 80 cikin 100 nasa masu giɓi ne. Manja yana tsakiya, rabi da rabi. Wanda ya taɓa kai galan ɗin manja gida tsaraba lokacin hunturu ya san sai an ajiye shi kusa da murhu kafin ya zubu. Kada kuma a haɗa shi da alayyadi, man da ake samu daga ƙwallon cikin kwakwar: wannan fiye da kashi 80 nasa ƙosasshe ne.

Jiki ba ya iya zama babu mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na garin hatsi ko sinadarin gina jiki 4 kawai yake bayarwa. Ga ɗan dako a kasuwar Mile 12 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jini sosai sai da mai. Akwai ma sarƙoƙi iri biyu da jiki ba ya iya ƙerawa, dole a ci su. Man gyaɗa da riɗi suna da ɗaya, man waken soya yana da duka biyun. Kifin teku mai maiƙo, irin su taitus, yana ɗauke da omega 3, kuma wannan gata ne da mazauna Kurmi suka fi na gida samu.

Jan da ke cikin manja fa? Karotin ne, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai tsare yara daga dundumi. A nan manja ya fi man gyaɗa nesa ba kusa ba. Abin takaici, matan aure da yawa su kan ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, wai don a kashe warin. Da jan ya tafi, amfanin nan ya bi shi. Sai dai a lura wajen saye, don akan sami marasa tsoron Allah da ke zuba rini a manja don ya ƙara ja.

Inda masu sukar manja ke da gaskiya shi ne, yawan cin ƙosasshen mai yana ɗaga mugun kolestarol a jini, wanda ke taruwa a jikin jijiyoyi har hanya ta ƙuntata. Amma wannan hukunci ya hau kan man shanu fiye da manja, ko da yake mu ba mu son a faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙosasshen mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Direban da ke wuni a zaune da mai shagon da ba ya motsi, su ya kamata su fi kiyayewa.

Mafi sharri duka shi ne man da aka daskarar a masana'anta. A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano yadda ake cusa haidurojin a man ruwa ya yi tauri. In aikin ya tsaya rabi, wasu sarƙoƙin su kan miƙe ta baya-baya, su ɗaga mugun kolestarol kuma su rage mai kyau. A 2018 Hukumar ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci, Nijeriya kuma ta kafa dokar da ta ƙayyade shi kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Man suya da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi ya yi kauri shi ma ya lalace. In ka ga kaskon mai ƙosai ya kai haka, gara ka ƙara gaba.