JAMI'AR LEGON DA LAFIYAR SHANUNMU

'Yan uwa fatake, dillalai da masu gida, wannan karon bayaninmu a kan Jami'ar Gana da ke Legon ne. Daga Nima ko Mamobi tafiya ce ta tiro-tiro ba nisa, amma da yawanmu muna wucewa ta bakin ƙofarta kamar ba ta shafe mu ba. To, ta shafe mu, har cikin aljihu.

An kafa makarantar a 1948, lokacin Turawa, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961 zamanin Kwame Nkrumah. A 2021 aka naɗa Farfesa Nana Aba Appiah Amfo shugabarta, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera. Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne ɓangaren dabbobi.

MAKARANTAR LIKITOCIN DABBOBI

Shekara da shekaru ƙasar Gana ba ta da inda ake koyar da cikakken likitan dabbobi. Kwalejin Pong-Tamale tana fitar da malaman dabbobi, amma mai son zama likita sai ya fita waje. A 2009 Legon ta buɗe makarantar likitocin dabbobi, haka ma jami'ar Kumasi. Karatun shekara 6 ne. Ke nan yanzu likitan da zai duba shanunka a nan gida ya yi karatu, ya san kaskarmu, ya san tsandonmu, ya san sammore da ciwon huhu da ɓoru a jikin saniya, ba a littafi kawai ba.

Mai tambaya zai ce, ina ruwan farke da wannan? Ku tuna 2023. Ciwon saifa ya ɓarke a Yankin Gabas ta Sama, wajen Binduri da maƙwabtanta, hukuma ta hana zirga-zirgar shanu da tumaki da awaki a yankin na wata guda. Gab da Babbar Sallah fa! Duk wanda kayansa ke bin Paga ko Bawku zuwa karar Tulaku a Ashaiman ya san abin da ya gani. Dabba tana tsaye tana cin kuɗi tana ramewa, mai bashi kuwa ba ya jira. Cutar da aka gano da wuri a gari ɗaya ake tsare ta. Wadda aka makara, ita ke rufe hanya ga kowa. Ganowa da wuri kuwa aikin likita ne da ɗakin gwaji.

GONAR BINCIKE DA ƊAKIN GWAJI

Jami'ar tana da gonar binciken dabbobi da kaji tun shekarun 1950, wadda dattawa suka sani da gonar Nungua. A nan ne aka samar da tumakin nan masu baƙin kai da ake kira da sunan Nungua, ta hanyar barbarar gajerun tumakin kurmi da na Farisa masu baƙin kai. Manufar ita ce a haɗa juriya da girman jiki, abin da kowane mai kiwo a kudu yake nema.

Akwai kuma cibiyar Noguchi, wadda ƙasar Japan ta gina aka buɗe a 1979. Ita ce ta ɗauki nauyin yawancin gwajin korona a farkon annobar 2020, kuma ita ta gano cutar Marburg a Gana a 2022. Wannan ya shafe mu domin cututtuka da dama daga dabba suke tsallakowa zuwa mutum, saifa na ciki. Mahauci da mai fiɗa da yaron da ke kwana a tirela tare da shanu su ne a sahun gaba.

INA 'YA'YANMU?

Nan ne maganar take. Mu ne da shanu, mu ne da kara, amma in ka duba masu sa hannu a takardar lafiyar dabba, ɗan Zango nawa za ka ƙirga? Yaron da ya tashi yana gane saniya marar lafiya daga yadda ta sunkuyar da kai, wanda ke jin Hausa da Fulatanci ko Mosanci, ai ya riga abokan karatunsa nisa. Takarda ce kawai ta rage masa.

Hanyar kuwa ta fi da sauƙi. Tun 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce. A 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko ga ɗaliban manyan makarantunta, ko da yake ɗakin kwana da abinci suna kan uba. Akwai kuma asusun rancen ɗalibai. Sai dai a lura da abu guda: wanda ke son likitancin dabbobi dole ya zaɓi ɓangaren kimiyya tun shigarsa sakandare, ya kuma ci jarrabawar WASSCE da kyau. In aka bari ya gama sannan aka tuna, an makara.

Mai tsoron kada boko ya raba yaro da addini ya sani ana koyar da Larabci a Legon, kuma a can ake ajiye da rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru na Karaci. Allo da safe ko da dare bai hana kimiyya ba.

Shawara ga shugabanni ita ce, kowane reshe ya tattara sunayen yaranmu maza da mata da ke karatun kimiyya, a duba wanda kuɗi zai tsayar. Kuɗin bijimi ɗaya zai rage wa uba kaya mai yawa. Kuma kafin kowace Layya, a gayyato likitan dabbobi ya zauna da mu a kara, mu yi masa tambayoyi.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya yi wa zuri'armu albarka. Amin. Wassalam.