FASHIN BAƘI: Yadda ake bin sawun kuɗin rajistar JAMB, daga wayar ɗalibi zuwa asusun gwamnati

A watan Fabrairun 2018 wani labari ya fito daga Makurɗi, babban birnin Jihar Binuwai, wanda ya cika kafafen sada zumunta da barkwanci. Masu binciken kuɗi na Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, sun tarar da giɓin naira miliyan 36 na cinikin katin rajista a ofishin hukumar da ke garin, aka kuma ruwaito cewa ma'aikaciyar da kuɗin ke hannunta ta ce maciji ne ya haɗiye su. Daga baya ta musanta cewa ta faɗi haka, kuma a 2019 hukumar EFCC ta gurfanar da ita gaban kotu a Abuja.

Dariyar macijin ta danne tambayar da ta fi muhimmanci: ta yaya maƙudan kuɗi irin waɗannan za su yi ɓatan dabo a ofishin jiha ba tare da hedikwata ta farga da wuri ba? Amsar tana cikin yadda ake rubuta ciniki. Mai sayar da shinkafa yana iya ƙirga buhunan da suka rage a shago ya gane abin da ya sayar. Amma wanda sana'arsa ita ce yi wa mutane rajista ta intanet, ko ta jarrabawa ce, ko ta gasar gudu, ko ta taron bita, gurbi kawai yake sayarwa. Babu kayan da ke raguwa a kan kanta. Rubutaccen bayanin cinikin shi ne kaɗai shaidar cewa kuɗi sun shigo.

Ƙofar da katin kankarewa ya bari a buɗe

Kafin rajistar 2017, ɗalibi yana sayen kati ne ya kankare bayansa, ya shigar da lambar da ke ɓoye a shafin hukumar. Ana buga katunan da yawa, a rarraba su ga bankuna da ofisoshin jihohi, a sayar da su da tsabar kuɗi. Abin da kwamfutar hukumar ta sani shi ne an yi amfani da lamba mai inganci. Ba ta san wanda ya karɓi kuɗin ba, ba ta san ranar da aka karɓa ba, balle ta san ko an kai su banki.

Saboda haka katin ya zama tamkar takardar kuɗi a aljihun duk wanda aka damƙa wa. Idan jami'i ya ce wasu katuna sun ɓace ko sun lalace, hanyar ƙaryata shi ita ce a ɗauko lambobin katunan da aka ba shi a gwada su ɗaya bayan ɗaya da waɗanda ɗalibai suka yi rajista da su, aikin da ba a yin sa sai an zauna bincike na musamman. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce tazarar da ke tsakanin kati da kuɗinsa.

Yadda rajistar take tafiya a yanzu

Bayan naɗa Farfesa Is-haq Oloyede shugaban hukumar a watan Agustan 2016, an soke katin. A tsarin yanzu ɗalibi yana tura lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wadda ta zama wajibi tun 2021, ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019. Za a mayar masa da wata lamba ta musamman da ke ɗauke da sunansa. Da ita zai biya a banki ko ta intanet, sannan lambar sirri ta rajista ta shigo wayarsa. Daga nan ya nufi cibiyar jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da ita, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

Wannan zirga-zirga tana barin sawu a wurare uku da ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Banki ko kamfanin biyan kuɗi yana da bayanin abin da ya karɓa. Kwamfutar hukumar tana da jerin lambobin sirrin da ta fitar da sunan mai kowace lamba. Cibiya kuma tana da jerin waɗanda suka kammala rajista. Kowane ciniki yana da lambar shaida da ba ta maimaituwa, da lokaci, da adadin kuɗi, da hanyar da aka bi aka biya.

Aikin masu lissafi shi ne jera waɗannan bayanai uku su ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Yawan lambobin da aka fitar, idan aka ninka shi da farashi, dole ya yi daidai da kuɗin da suka sauka a asusu. Inda aka samu saɓani, siffarsa takan nuna cutar. Kuɗi ba lamba yana nufin an cire wa ɗalibi kuɗi saƙo bai zo ba, ko ya biya sau biyu, kuma yana bin bashi. Lamba ba kuɗi alama ce ta cewa wani ya fitar da ita ta bayan fage. Kuɗin da suka iso a makare kuwa suna nuna cewa wani mai shiga tsakani ya riƙe su na ɗan lokaci. Shi ya sa ƙa'idar aikin a ko'ina ita ce kada a goge ciniki bayan an rubuta shi, gyara sai da sabon rubutu, kuma wanda ke amincewa da mayar da kuɗi kada ya zama shi ne mai duba lissafin.

Kuɗin da aka karɓa da kuɗin da aka samu

Akwai kuskuren da ake yawan yi a muhawarar siyasa, wato a ɗauki duk abin da ɗalibi ya biya a matsayin kuɗin shigar hukumar. A 2025 mai rajista ya biya naira 7,200, ko 8,700 idan yana son jarrabawar gwaji. A cikin 7,200 ɗin, naira 3,500 ne kuɗin neman shiga jarrabawa. Naira 1,000 na littafin da aka wajabta karantawa ne, 700 ladan cibiyar da ta yi rajista, 1,500 ladan cibiyar da za a zauna jarrabawar, 500 kuma cajin banki. Tun 2022 hukumar ke karɓar ladan rajista a madadin cibiyoyi ta tura musu daga baya, domin rage karɓar tsabar kuɗi daga hannun ɗalibai.

Sama da mutum miliyan 2 ne suka yi rajista a 2025. A lissafin misali, miliyan 2 sau 7,200 ya kama naira biliyan 14.4, alhali miliyan 2 sau 3,500 biliyan 7 ne. Fiye da rabin kuɗin na da masu jiransa tun kafin su shigo. Littafin lissafin da bai ware kason kowa ba yana iya kumbura kuɗin shiga a idon jama'a, yana kuma iya ɓoye bashin da cibiyoyi ke bi.

Hatta bututun da kuɗin ke bi yana da nasa rabon. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa ma'aikatu da hukumomi komawa Asusun Bai-ɗaya da ke Babban Bankin Najeriya a 2015, manhajar Remita ta kamfanin SystemSpecs ce ke tattara kuɗin, kuma ana cire kashi 1 cikin 100 a matsayin lada, wanda kamfanin da bankuna da Babban Banki ke rabawa. Batun ya jawo cece-kuce a Majalisar Dattawa a ƙarshen wannan shekarar. Kaso ɗaya ƙarami ne a baki, amma a kan biliyan 100 biliyan guda ne.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tsakanin 2010 da 2016, jimillar abin da JAMB ta zuba a asusun gwamnatin tarayya kimanin naira miliyan 50 ne. A 2017 kaɗai ta zuba biliyan 7.8. Wannan tazara ta sa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ba da umarnin binciken ƙwaƙwaf kan shugabannin hukumar na baya, kamar yadda ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta bayyana. A 2021 hukumar ICPC ta gurfanar da tsohon shugaban JAMB, Farfesa Dibu Ojerinde, bisa zargin almundahana, zargin da ya musanta. Ɗalibai ma sun gani a ƙasa, domin daga rajistar 2019 an rage kuɗin neman shiga jarrabawa daga naira 5,000 zuwa 3,500.

Sauran rina a kaba

Bin sawun kuɗin da ke shigowa rabin aiki ne. Abin da hukuma ke zubawa a asusun gwamnati rara ce, wato abin da ya saura bayan an cire ɗawainiya. Hukumar da ta rubuta kowane kwabo da ya shigo tana iya ƙarar da rarar ta hanyar kwangiloli da tafiye-tafiye, ba tare da lissafin cinikinta ya nuna aibu ba. Haka kuma abin da wani mai shagon intanet ko ɗan kamasho ya tatsa daga ɗalibi a bakin ƙofa ba ya shiga kowane littafi.

Akwai kuma tambayar siyasa da kwamfuta ba za ta amsa ba. Masu goyon bayan tsarin suna kallon biliyoyin da ake mayarwa a matsayin shaidar riƙon amana. Masu suka suna cewa rara mai yawa alama ce ta cewa ana cajin 'ya'yan talakawa fiye da abin da jarrabawar ke ci, kuma hukumar jarrabawa ba ofishin haraji ba ce.

Kowane ɓangare yana buƙatar alƙaluma iri ɗaya kafin hujjarsa ta tsaya: yawan lambobin sirrin da aka sayar a shekara, jimillar kuɗin da suka sauka a asusu, abin da aka biya cibiyoyi da bankuna, abin da aka mayar wa waɗanda suka biya sau biyu, da abin da aka kashe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman waɗannan bayanai a rubuce ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta amsa.