AWON TALIYA: KOFI DABAM, SIKELI DABAM

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wata kunya da ta same ni ita ce sanadin wannan magana. Wani almajirina ya yi saukar Alƙur'ani, aka yi niyyar ciyar da mutum 40. Uwargida ta saba, kofi 20 na shinkafa yakan ƙosar da wannan adadi, saboda haka ta auna makaroni kofi 20. Da aka zo rabo, rabin jama'a ba su samu ba, har na rasa inda zan sa fuskata.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga laifin ba nata ba ne. Awo iri biyu ne, malaman fiƙihu sun rarrabe su tun da daɗewa. Akwai kaili, watau awon cika, kamar mudu da tiya da kofi. Akwai kuma wazani, watau awon nauyi, wanda ake yi da sikeli. Kofin da littattafan girki na Amurka ke nufi yana cin ruwa wajen giram 240. In ka cika shi da shinkafa za ka sami wajen giram 190, garin alkama kuwa wajen 125. Amma makaroni rami gare shi, iska ke cinye wurin, don haka kofi guda ba ya wuce giram 100 zuwa 110. Ashe kofi 20 na shinkafa giram 3,800 ne, na makaroni kuwa 2,000 da 'yan kai. Ka ga inda rabin abincin ya tafi.

To, ga dabara. Babban mutum guda giram 100 na busasshiyar taliya ya ishe shi, gama takan sha ruwa ta ninka nauyinta fiye da sau biyu. Mutum 40 ke nan kilo 4, watau ƙunshi 8 na mai giram 500. Doguwar taliya ba ta aunuwa da kofi ko kaɗan. A kasa ƙunshi kashi biyar, kowane kashi rabon mutum guda. Italiyawa, masu abin, sukan sa ruwa lita guda da gishiri giram 10 ga kowane giram 100. Wanda ba shi da sikeli ya kai kofin gidansa wurin mai sikeli sau ɗaya, a auna masa, ya riƙe adadin.

Kada wani ya ce malami ya bar allo ya koma madafa. Wannan mas'ala ita ce ke cikin zakkar fidda kai. Shari'a ta ɗora ta a kan sa'i, shi kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Nisabin hatsi kuma sa'i 300 ne. Duk wannan kaili ne. Shi ya sa malamai suka saɓa wajen mayar da sa'i zuwa kilo, daga kilo 2 da kaɗan har zuwa 3, domin nauyin gero dabam, na shinkafa dabam, na dabino dabam. Wanda ya ɗauki adadi guda ya ɗora wa kowane abinci, yana iya tauye hakkin miskini bai sani ba. Sura guda, Muɗaffifina, an buɗe ta da gargaɗi ga masu tauye awo.

Saboda haka kafin ka auna, tambayi kanka: cika ake nema ko nauyi? Abin da aka ce a auna da mudu, auna da mudu. In tilas ta sa ka koma sikeli, to ka ƙara kaɗan don fita shakka.

Allah ya nauyaya mizaninmu ranar awo. Allah ne mafi sani. Haza wasalam.