Ɗawainiyar Dukiyar Mamaci Kafin Rabon Gado

Ran Alhamis kasuwar Maigatari take ci, ana koro mata shanu da raƙuma da tumaki tun daga ƙasar Nijar. A ƙaddara wani falke na ƙasar Gumel ya tara shanu yana jiran kasuwa, sai ajali ya riske shi ran Talata. Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Shanu kuwa ba su san an yi mutuwa ba, su dai a ba su harawa da dusa da ruwa. Ƙanensa ya sa hannu cikin aljihu ya ciyar da su, ya biya makiyayi. Riɗin da marigayin ya shuka a Gagarawa ya nuna, in an bar shi sai ya zube, ya ɗauki 'yan ƙodago suka yanke. Ya kuma yi kuɗin mota zuwa Damagaram neman bashin da mamacin ke bi. Ranar rabo ya ce a fitar masa da abin da ya kashe, babban ɗan ya dube shi ya ce, "Baffa, ashe rance ka ba mu?"

Malaman Malikiyya ba su bar wannan magana a duhu ba. A babin gado na Muhtasar, Shehu Halilu ya jera abin da ake fitarwa daga dukiya kafin magaji ya taɓa ta: da fari hakkin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar kayan da ke jingina, sa'an nan kuɗin shirya mamaci gwargwadon al'ada, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Wanda ya sayi likkafani da kuɗinsa, nasa yana gaba da na masu bin bashi, muddin dai bai yi da niyyar sadaka ba. Abin da aka kashe don kada dukiya ta salwanta, kamar abincin shanun nan da ladan masu yankan riɗi, a kan dukiyar yake, ba a kan wuyan mai ɗawainiya ba.

Amma fa ba kowane kuɗi ke dawowa ba. Tuwon sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba ya cikin shirya mamaci. In akwai marayu cikin magada, ba mai ikon taɓa rabonsu don ciyar da 'yan zaman makoki, kuma wanda ya yanka sa don a ce an yi sadaka ta gani ta faɗa, daga aljihunsa ya yanka, sai fa in manyan magada sun yarda su ɗauka daga nasu kason. A nan mafi yawan rigima take tashi, domin mutum yakan haɗa kuɗin harawa da na goro cikin lissafi guda, shakka ta faɗa wa duka.

Sai maganar shaida. Wasiyyi, watau wanda mamaci ya bar wa amanar 'ya'yansa, ana karɓar maganarsa tare da rantsuwa a kan yawan abin da ya ciyar da marayun da ke hannunsa, in lissafin ya yi kama da gaskiya. In kuwa ya ce ya miƙa wa maraya dukiyarsa bayan ya balaga, ba a karɓa sai da shaidu, gama Suratun Nisa'i ta yi umurni da a kafa su a wannan wuri. Mai cewa yana bin mamacin kansa bashi, nasa ya fi tsanani: ko ya kawo shaidu, sai ya rantse ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, tun da wanda ake ƙara ba shi da bakin amsawa.

A zamanin En'e, in alkali ya raba gado akan cire ushira, watau ɗaya bisa goma, ta shiga baitulmali. Cikin 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnatin jiha, Gumel kuwa tana cikin Jihar Kano har 1991, da aka ƙirƙiro Jigawa. Yanzu kotunan Shari'a ke sauraron irin wannan ƙara daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da alkali zai fara tambayar baffan nan shi ne: wa ya sa shi, wa ya gani, ina aka rubuta? Kunya ce ta hana shi kiran mutum biyu ran da ya fara sayen harawa, don kada a ce yana lissafi gawar wansa ba ta huce ba. Ga shi kuwa falke ne, wanda ba ya sakin akuya a kasuwa sai a gaban dillali.