A RUSHE SU KO A BAR SU? TSOFAFFIN GIDAJEN LEBURORIN RELUWE A ZARIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Zariya, in dai ya lura, zai ga waɗansu tsofaffin gidaje guda biyu manne da juna, bango ɗaya ya raba su. Ginin jan bulo ne, rufin kwano, kwanon kuwa tsatsa ta ci shi har ya koma kalar bulon. Ba wanda zai tsaya ya dube su sau biyu. Ni ma da ba don kakana ya zauna cikin ɗayansu ba, sa'ad da yake aikin zuba wa jirgi kwal kafin a sami mulkin kai, da wucewa zan yi.

'Yan'uwansu da ke jere da su a dā duk an baje su, an yi kantuna. Fili a wannan wuri ya yi tsada ƙwarai, saboda haka ba sai an gaya wa mutum abin da ke jiran waɗannan biyun ba. To, tambayar da nake so masu karatu su taya ni dubawa ita ce: ɗakin lebura yana da wata daraja da za a hana shi rushewa?

Bari mu fara da abin da ya kawo su. A 1907 Turawa suka soma shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, bakin kogin Kwara, ta ratsa Zariya, ta isa Kano a 1911. Ba injin ya yi wannan aiki ba. Talakawa ne aka ɗebo daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba, suka yi ta haƙa da diga, suna ɗaukar ƙasa da kwando a ka. Bayan haka Zariya ta zama mahaɗa. Daga nan ƙaramin jirgin nan na kuza ya tashi zuwa Jos da Bukur, har aka rufe hanyarsa a 1957. Daga nan kuma aka ja wata hanya ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Audugar Zazzau da gyaɗar Kano, da fatu da ƙiraga, duk ta wannan tasha suka gangara Ikko. Mutanen da ke juya wannan aiki dare da rana dole a ajiye su kusa da layi, inda ƙarar usur za ta tashe su. Dalilin gina irin waɗannan gidaje ke nan.

Shiga ciki ka gani. Kowane gida ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, sai madafi a baya wanda in mace ta durƙusa a ciki ba wurin wani. Famfo ɗaya, makewayi ɗaya, na gidan duka biyu. Ginshiƙan barandar ma guntayen ƙarfen layin dogo ne aka kafa, watau abin da aka samu a hannu shi aka yi aiki da shi. Babu zaure, babu tsakar gida. Wanda ya zana gidan bai yi tunanin Bahaushe mai iyali ba, shi ya sa kakata ta sa aka kewaye bayan da zana, don ta sami inda za ta yi daka ba a idon maza ba. Har yanzu ana ganin ramukan da aka kafa dirkokin.

Sa'an nan ka ɗaga kai ka tuna da gidajen manyan Turawa, masu ɗakuna barkatai da lambu da barikin boyi a baya. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta sa a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙen fata, wai don gudun cizon sauro. Ka iya karanta wannan a littafi ka manta. Amma in ka tsaya cikin ɗakin da mutum bakwai suka kwana, ka miƙa hannu ka kusa taɓa bango biyu, kai, ba ka mantawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bangon nan na tsakiya. Kakana yana wannan gefe, wani mutumin Gabas, mai gyaran tarago, yana wancan. In yaron ɗaya ya yi tari cikin dare, ɗayan gidan ya ji. Matansu na aron gishiri ta kan katanga, 'ya'yansu sun tashi da Hausa ɗaya a baki. Reluwe ta haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe a layi guda, albashi guda, helma guda. A irin waɗannan barandu aka yi ta shawarar babban yajin aiki na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi suna a cikinsa, aka shafe fiye da kwana 40 ana neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. A 1966 kuma, da ƙasa ta rikice, maƙwabcin nan ya kwashe iyalinsa ya shiga jirgi. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya riƙe masa makulli shekara da shekaru. Bai dawo ba.

Muna da hukumar kula da kayan tarihi, wadda aka kafa da doka a 1979, ta gāji dokar 1953. Amma dubi abin da aka saba karewa: Gidan Makama a Kano, Gidan Ɗan Hausa, gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kai Kaduna a 1954. A nan Zariya kowa na alfahari da Masallacin Juma'a na Babban Gwani, kuma ya cancanta. Duk dai na sarakuna ne, da malamai, da gwamnoni. Ko a Ebute Metta, inda wata ƙungiya mai zaman kanta ta gyara Jaekel House a 2010 ya zama ɗakin tarihin reluwe, ai gidan babban Bature ne aka gyara. Wanda ya ɗauki layin dogon a kafaɗa fa?

Na san abin da waɗansu za su ce, ba kuwa ƙarya suka yi ba: mutane na neman wurin kwana da wurin sana'a, ba a cin tarihi. Kuma shiga takardar hukuma ba ya hana rushewa, tun da Ilojo Bar na Ikko yana cikin jerin tun 1956, amma aka wayi gari a 2016 an baje shi. Ni dai ban ce a bar kowane kango ba. Gida biyu nake magana, filin da bai kai rabin fuloti ba.

Gyaran ma ba wani abin tashin hankali ba ne. A sāke kwano, a toshe tsagar da ke bangon yamma kafin damina ta kuma shigarta, a bar bulon yadda yake, kada wani mai kishin zamani ya zo ya shafe shi da siminti. Ɗaki ɗaya a mai da shi kamar yadda yake a dā, da gadon ƙarfe, da fitilar a-ci-bal-bal, da akwatin kwano, da fitilar hannu mai ja da kore ta ba jirgi hanya. Ɗayan a sa hotuna da katin albashi na tsofaffin ma'aikata. 'Yan fanshon reluwe suna nan Sabon Gari da Tudun Wada, da yawansu sun haura shekara 80, irin waɗannan takardu na ƙarƙashin katifunsu. Katin kakana yana wurina, zan kawo.